Daga buhun gyaɗa zuwa zauren taro: abin da masana fumfuna ke tambaya kafin su yarda da aikinka

Duk wanda ya tsaya gaban fostarsa a taron masana fumfuna, tambayoyi uku ne ke jiransa. Ta yaya ka san sunan wannan abin da ka samu? Ina lambarsa a rumbun bayanai? Shi kansa abin yana ina yanzu, da rai ko ya mutu? Ɗalibanmu na Katsina da Daura da Dutsinma suna yin wahala sosai wajen tattara samfur, amma galibin ayyukan a nan suke tuntuɓe, domin amsar da ake bayarwa ita ce "launinsa muka duba", "ba mu da lamba", "farantin ya bushe an zubar". Amsar waɗannan tambayoyi kuwa ba a daren taro ake haɗa ta ba. Tun ranar da aka zura hannu cikin buhu ake fara ta.

Idan na ce fumfuna, ko hunhuna a bakinmu na Katsinawa, ina nufin dangin gaba ɗaya: korayen nan da ke kama burodi da gyaɗa, da yis ɗin da ke kumbura ƙullu, da burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, da laimar kwaɗi, har da abin da ke haddasa makero da kyasbi. Wani ƙiyasi na 2017 ya ce nau'o'insu a duniya sun kai miliyan 2.2 zuwa 3.8, alhali waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce kusan 150,000 ba. Yankinmu yana cikin wuraren da aka fi ƙarancin bincika, shi ya sa samfurin da ya fito daga gonar Mashi ko Zango yake da daraja a idon masana, in dai an yi aikinsa yadda ya kamata.

Tarurrukan kansu iri-iri ne. Akwai babban taron duniya da aka fara a Exeter ta Ingila a 1971, ana yinsa kusan duk shekara huɗu. Na 2018 a San Juan ta Puerto Rico aka yi, na 2024 kuma a Maastricht ta ƙasar Holan. Masu binciken ƙwayoyin gadon fumfuna suna haɗuwa a Asilomar ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin watan Maris, duk bayan shekara biyu, Turai ma tana da irin nata. A gida akwai ƙungiyar masana fumfuna ta Najeriya da ta masu binciken gubar fumfuna, kuma a ganina nan ya kamata ɗalibi ya fara kai aikinsa kafin ya yi tunanin biza. Kada a ɗauka surutu kawai ake yi a irin waɗannan wurare. A taron masana tsirrai na Melbourne a 2011 aka yanke cewa kowace fumfuna suna ɗaya tak za ta riƙe, kuma daga 1 ga Janairun 2013 duk sabon suna sai an yi masa rajista a rumbun sunayen fumfuna irin MycoBank kafin ya karɓu. Haka kuma wanda ya rubuta Fusarium moniliforme a kan fumfunar masara, maimakon Fusarium verticillioides, ya tona wa kansa asiri cewa da tsohon littafi yake aiki.

Ɗibar samfur

Mu ɗauki gyaɗa, tunda ita ce aka fi yi wa aiki, saboda Aspergillus flavus da gubarta aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sanadiyyar tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 na gubar a kilo ɗaya, Amurka kuma 20.

Gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu. Ƙwayar gyaɗa ɗaya za ta iya ɗauke da abin da ya fi na sauran tiya gaba ɗaya. Don haka cika hannu ɗaya daga bakin buhu ba samfur ba ne. Sai an ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna da dama, a gauraya, a raba gida huɗu, a ɗauki gida biyu masu kallon juna, a sake rabawa har a sami kimanin kilo ɗaya. A zuba a ambulan na takarda, ba leda ba, domin leda tana riƙe gumi, kafin a iso ɗakin gwaji daga kasuwar Mai'adua ko Charanci fumfunar ta ƙaru, sai ka auna abin da ya faru a cikin mota maimakon abin da ke kasuwa. A jikin ambulan a rubuta lamba, rana, gari, lambobin taswirar wurin daga waya, shekarar girbi, da inda aka ajiye kayan, rumbu ne ko ɗaki ko shago. Idan akwai ma'aunin danshi a auna a nan take: gyaɗar da aka ɓare ta fi zama lafiya a kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, masara kuma kada ta wuce 13.

Abincin da ake shuka ta a kai

Wanda kowa ya sani shi ne PDA, wato haɗin ruwan dankali da sukari da aga, abin da ke sa shi ya daskare. Idan na kanti ne, giram 39 a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Idan za a haɗa da hannu, a fere dankalin Turawa giram 200, a yayyanka, a dafa a lita ɗaya na rabin awa, a tace da ƙyalle, a zuba gulukos giram 20 da aga giram 15 zuwa 20, a ciko ruwan ya koma lita. A sa kuloramfenikol miligiram 100 don ya hana bakteriya. Shi yana jure dahuwa, ana iya zuba shi tun kafin a ɗora tukunya. Ana dafawa a digiri 121 na minti 15. Tukunyar matsin tururi ta girki tana yin aikin, amma kuskure biyu ake yawan yi da ita: rashin barin tururi ya kori iskar ciki kafin a ɗora marfin bututun, da fara ƙirga minti tun daga kunna wuta. Ƙirga tana farawa ne bayan matsin ya kai. A zuba mililita 20 a kowane faranti idan kwalbar ta huce yadda hannu zai iya riƙe ta, wato wajen digiri 50. In an zuba da zafi, gumi zai taru a marfi ya ɗiga, ya watsa ƙurar iri, wato ƙananan ƙwayoyin da fumfuna ke yaɗuwa da su, ko'ina.

PDA tana da aibi: fumfunan Rhizopus da Mucor suna cika faranti cikin kwana biyu su rufe kowa. Ga busasshen hatsi, wani abincin mai suna DG18 ya fi, domin yana danne masu gaggawar nan. Ga mai neman dangin flavus kaɗai, abincin AFPA yana nuna su da ruwan lemo mai haske a bayan faranti cikin kwana biyu a digiri 30.

Kafin a shuka ƙwayar gyaɗa sai an wanke bayanta, in ba haka ba ƙurar kasuwa za ka shuka. Bilic ɗin kasuwa mai ƙarfin 3.5 cikin ɗari, a haɗa awo biyu da awo biyar na ruwa, ya koma 1 cikin ɗari. A jiƙa minti biyu, a ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa, a tsane a kan dafaffiyar takardar tata. Gyaɗa biyar a faranti, gero ko dawa goma, jimilla ƙwaya ɗari a kowane samfur don lissafi ya yi ma'ana. A bar faranti ɗaya babu komai a ciki. In shi ma ya yi fumfuna, aikin ranar ya tashi.

Zafin garin nan

Ana yawan karanta "an ajiye a zafin ɗaki na kwana bakwai". Wane ɗaki? A watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40, da daren hunturu kuma yana saukowa ƙasa da 15. Littattafan tantance suna sun gina bayaninsu ne a kan digiri 25 na kwana bakwai. Aspergillus flavus da baƙaƙen Aspergillus suna jin daɗinsu a digiri 37, amma yawancin Penicillium ba sa motsi a wannan zafi, Fusarium ma yana ja da baya. Sakamakon haka, wanda ya ajiye farantansa a kan tebur lokacin bazara zai rubuta cewa Aspergillus ne ya mamaye gyaɗar, alhali ɗakinsa ne ya yi masa zaɓe. Masu sauraro da suka san aikin wannan ce tambayar da za su fara jefowa.

Inkubetar da muke da ita galibi mai ɗumamawa ce kawai, ba ta iya saukar da zafi ƙasa da na ɗaki. In babu mai sanyaya, sai a tsara aikin ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko a nemi ɗakin da ya fi sanyi a ginin. Wasu kan yi dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Tana saukar da zafi lokacin rani, sai dai danshinta yana jawo wata fumfunar, dole a naɗe bakin faranti sosai. Kowace hanya aka bi, a ajiye ma'aunin zafi kusa da farantan, a rubuta mafi girma da mafi ƙanƙanta kullum, a sa su a rahoto kamar yadda suke.

Hunturu kuma da nasa. Ƙurarsa cike take da irin fumfuna, saboda haka a rufe tagogi, a kashe fanka, a goge tebur da barasar gwaji mai ƙarfin 70 cikin ɗari, a yi aiki kusa da harshen wuta. Akwai wata mai ruwan goro da ke fitowa a kan totuwar gasasshiyar masara, Neurospora ke nan. A kanta Beadle da Tatum suka yi aikinsu na 1941 da ya buɗe ƙofar fahimtar ƙwayoyin gado, amma in ta shigo maka ɗakin gwaji ba ta da kunya, tana fita ta gefen marfi ta bi kowane faranti. Da an gan ta, a naɗe farantin a dafa shi ba tare da an buɗe ba. Kuma kada a shinshina faranti, ko wanne ne. Ƙurar flavus tana iya kama huhu, musamman ga mai asma ko raunin garkuwar jiki.

Raɗa suna

Kafin suna, sai tsarkakewa. Abin da ya fito daga ƙwayar gyaɗa sau da yawa gauraye ne, nau'i biyu ko uku a wuri ɗaya. A ɗebo ƙurar iri kaɗan da bakin allura, a kaɗa a dafaffen ruwa mai ɗigon Tween 80, a tsinka shi sosai, a shafa a kan aga zalla mai ƙarfin 2 cikin ɗari. Bayan awa 12 zuwa 18, a duba da madubin ƙara girma, a yanko ƙwaya ɗaya da ta fara tsira, a mayar sabon faranti. Wanda ya tsallake wannan mataki zai biya kuɗin karanta DNA ya karɓo zane mai layuka a kan layuka, ba ya karantuwa.

Launi da siffa a ƙarƙashin madubi, da shuɗin laktofenol da salatif, suna kai ka ga dangi, wani lokaci ga rukuni a cikin dangin. Ba sa wuce nan. Abin da ake kira "A. niger" da ido zai iya zama tubingensis ko welwitschiae. Koren da ake kira flavus zai iya zama parasiticus, ko aflatoxiformans, wanda aka raɗa wa suna a 2019, ana samunsa a Afirka ta Yamma, yana yin guba iri biyu, B da G. Alamar da za ta sa ka zargi aflatoxiformans ita ce ƙananan baƙaƙen ƙulalai masu yawa a faranti, waɗanda faɗinsu bai kai maikiromita 400 ba. In ido kaɗai ka yi amfani da shi, rubuta "Aspergillus na rukunin Flavi" ka tsaya. Babu mai raina wannan. Sunan da ba ka da hujjarsa shi ake rainawa.

Ga wanda zai shiga DNA, a yi amfani da saƙar zaren fumfunar ta kwana biyu zuwa uku, kafin ta yi ƙura da launi, domin launin baƙaƙen nan yana hana PCR, wato ninka DNA a na'ura, tafiya. Miligiram 50 zuwa 100 ya isa. Bangon fumfuna tauri gare shi, sai an niƙa; in babu ruwan naitirojin, dafaffen yashi mai laushi da ɗan turmin gwaji suna yi. Ruwan CTAB kuwa, wanda ake fito da DNA ɗin da shi: CTAB 2 cikin ɗari, Tris milimola 100 a pH 8, gishiri mola 1.4, EDTA milimola 20. A ajiye a digiri 65 na minti 30 zuwa 60, a wanke da kulorofom da isoamil 24 bisa 1 a inda iska ke fita, a kwantar da DNA da isofurofanol mai sanyi, a ɗauraye da barasa 70, a bar shi ya bushe sarai. Ragowar barasa na cikin manyan dalilan da ke sa PCR ta ƙi fitowa. Awon tsarkin DNA, wato 260 bisa 280, ya zama wajen 1.8. In PCR ta ƙi duk da haka, a tsinka DNA ɗin sau goma a sake gwadawa kafin a zargi na'ura.

Tun 2012 aka amince da wani yankin DNA mai suna ITS a matsayin shaidar fumfuna ta bai ɗaya; ana ninka shi da firaimomin ITS1 da ITS4 na 1990, wato gajerun gutsuren DNA da ke nuna wa PCR inda za ta kama. Zagaye 35 na PCR, manne firaima a digiri 55, sai a ga layi mai tsawon haruffan DNA wajen 550 zuwa 600 ga Aspergillus. To amma ITS ɗin flavus da na oryzae, wadda Japanawa ke yin miya da ita, ba su da bambanci. Ga Aspergillus da Penicillium sai an ƙara karanta wani yankin DNA, kalmodulin ko beta-tubulin, ga Fusarium kuma TEF1. A karanta DNA ɗin ta gaba da ta baya, a yanke gefunan da suka lalace, a duba zanen da ido. Wajen BLAST, wato kwatanta naka da na GenBank, rumbun bayanan DNA na duniya, kada a ɗauki sunan da ya fito a layin farko. GenBank cike take da sunayen da wasu suka saka bisa kuskure, kowa yana kwafar kowa. A zaɓi kwatantawa da samfuran asali kaɗai, wato waɗanda aka raɗa wa nau'in suna a kansu, sannan a tura naka a karɓo lamba.

Haka batun guba. Samun aflR, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon haɗa aflatoksin, ko wani ɗan'uwansa a PCR ba hujja ba ce cewa ana yin gubar. Ƙwayoyin gadon da ke haɗa ta suna jere ne a wuri ɗaya a kan kuromosom na 3, kuma ɓacewar yanki ko canji ƙarami ya isa ya tsayar da aikin. A kan irin waɗannan marasa gubar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta gina Aflasafe, shuɗiyar dawar da ake watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure. Ƙyallin shuɗi a kan abincin shuka da aka haɗa da kwakwa, ƙarƙashin fitilar UV ta nanomita 365, manuniya ce kawai. Hujja sai an auna gubar kanta da gwajin TLC ko ELISA ko HPLC.

Ajiye shi da rai

Firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da gilisarol 15 zuwa 20 cikin ɗari ita ce hanyar da aka fi so, amma ba tare da tsayayyar wuta ba ta fi zama haɗari, domin narkewa da daskarewa suna kashe abin. Hanyar Castellani ta 1939 ta fi dacewa da mu: a yanko ƙananan gutsattsari biyar daga gefen saƙa mai tasowa, a jefa cikin ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa da dafaffen ruwa mililita biyar, a ɗaure, a ajiye a inuwa. Da yawa suna kai shekaru a haka. Masu yawan ƙura kamar Aspergillus suna zama a kan busasshen silika. Kowane samfur a ajiye shi ta hanya biyu, a gini biyu. A daina yawan dasawa daga faranti zuwa faranti, domin bayan 'yan zagaye flavus kan daina yin ƙulalai da guba, ya zama ba shi ne wanda ka ɗebo a gona ba. A riƙa duba ƙananan ƙwarin nan masu cin fumfuna. Alamarsu siririn sawu ne na bakteriya a kan aga, kamar hanyar tururuwa.

Laimar kwaɗi nata tsarin daban. Lokacinta gajere ne, Yuli zuwa Satumba, a gindin suri da kututture da juji. A ɗauki hotonta a wurin da ma'auni a gefe, a haƙo ta har gindi, a kifa hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa a kwana don ganin launin ƙurarta, a busar a digiri 40 zuwa 45. Zafi mai yawa yana iya lalata DNA. A yanki ɗan ƙarami a sa a silika tun a ranar. Wani abin lura ga masu aikin gero: cutar da ke mayar da zangarniya ganye-ganye, Sclerospora graminicola, ba fumfuna ta gaskiya ba ce, kuma ba ta tsira a PDA. Duk abin da ya fito a farantin wani ne daban.

Tsakure da ƙirga watanni

Tsakuren taro, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ake aika wa masu shirya shi, yawanci kalma 250 zuwa 300 ne. Kada rabi ya tafi wajen bayanin illar aflatoksin, mutanen zauren sun fi kowa sani. A faɗi wuri, wata da shekara, adadin samfur, abincin da aka shuka a kai, zafin da aka auna, yankin DNA da aka karanta, sakamako da alƙaluma. A fosta, wadda galibi girman A0 ce, a sa taswirar wuraren ɗiba, domin mai karatu daga wata ƙasa bai san tazarar Funtuwa da Daura ba, balle bambancin ruwan samansu. Hoton faranti gaba da baya, hoton madubi da sandar awo, lambobin GenBank a jadawali.

Ba a sa faranti mai rai a jaka a hau jirgi. Fitar da shi waje yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, da rubutacciyar yarjejeniya da wanda zai karɓa, bisa tsarin yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014. In za a ba wata ma'ajiya ta duniya, irin ta Westerdijk da ke Utrecht, a bar kwafi a gida.

Ana rufe karɓar tsakure watanni kafin taro. Gyaɗarmu kuwa sai Satumba zuwa Oktoba ake cire ta. A ba shuka da tsarkakewa mako shida, tantancewa da ajiya mako huɗu, DNA da PCR da maimaita waɗanda suka ƙi wata ɗaya, aikawa a karanto da jiran sakamako wani watan, sannan lambar GenBank. Girbin bana ba zai kai taron Maris mai zuwa ba. Na bayansa ya kamata a sa a gaba, a kuma nemi fasfo da takardar gayyata tun ana cikin aikin faranti.